Shukar Asclepias tuberosa: me ya sa take mutuwa a hannun mai yawan kula, kuma shin saiwarta magani ce?

Mai tambaya ya ce an ba shi irin wata shuka mai suna Asclepias tuberosa, aka gaya masa tana jure fari, tana yin shekara da shekaru a wuri ɗaya, kuma saiwarta maganin ciwon ƙirji ce. A karon farko ya watsa irin a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. A karo na biyu ya samo wadda aka riga aka raina a tukunya, ya dasa ta kusa da kayan lambunsa, yana ba ta ruwa kullum tare da taki, amma cikin 'yan makonni ta yanƙwane ta mutu. Yana so ya san inda ya kuskure, da kuma ko ya dace ya dafa saiwar ya sha idan tari ya kama shi.

Malam, amsar tambayoyinka biyu tana ƙarƙashin ƙasa, domin duk halayen wannan shuka, masu daɗi da masu ban haushi, daga saiwarta suke fitowa. Sunanta ma ya nuna haka. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata suna a shekarar 1753. Kalmar farko ya ɗauko ta ne daga sunan Asklepios, gunkin warkarwa na tsoffin Girkawa, ta biyun kuwa tana nufin mai saiwa mai kauri kamar ta rogo. Don sauƙi zan riƙa ce mata tuberosa. Asalinta 'yar Arewacin Amurka ce, tana fitowa da kanta daga kudancin Kanada zuwa Florida, ta miƙa yamma har Arizona da arewacin Meziko, a filayen ciyawa masu rairayi, da gefen hanya, da gangaren tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Dangin tumfafiya ce, kuma duk wanda ya taɓa fasa 'ya'yan tumfafiya ya ga farin gashin da iri ke hawa iska da shi zai gane zumuncin da zarar ya ga kwanson tuberosa ya buɗe.

Kafin komai, ka tabbatar abin da ke hannunka ita ce, domin ana yawan rikita ta da 'yar uwarta Asclepias curassavica, wadda ta fi ta guba. Tuberosa tana kai tsayin santimita 30 zuwa 90, karanta yana da gashi, ganyenta siriri ne, kuma yana fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin kara, saɓanin yawancin danginta da ganyensu ke fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Furenta ruwan lemo ne, wani lokaci rawaya, a dunƙule a saman reshe. Babbar alama ita ce, idan ka tsinke ganye ruwan da zai fito garai-garai ne, ba farin nono irin na tumfafiya ba. Idan ka ga kara sumul, ganye biyu-biyu, fure ja da rawaya, ga farin ruwa yana ɗiga, to curassavica ce aka ba ka.

Na taɓa tono wata mai shekara uku don in nuna wa masu koyon aiki abin da suke rainon, kuma abin da muka gani ya fi dogon bayani amfani. A sama karare ne 'yan ƙalilan da ba su wuce gwiwa ba. A ƙasa kuwa saiwa ce mai kauri kamar babban karas, mai ƙulli-ƙulli, fatarta ruwan ƙasa, cikinta fari, ta nutse ƙasa sambal har muka gaji da haƙa kafin mu kai ƙarshenta, kuma da muka ɗan ja ta sai ta karye ƙas, domin ba ta da danƙo. Wannan saiwa rumbu ce ta ruwa da abinci. Da ita shukar ke kai wa ga laimar da ke can ƙasa lokacin da saman ƙasa ya bushe ƙurmus, da ita take sake tohowa kowace shekara bayan karanta ya mutu. To amma nama mai kauri irin wannan, idan ya kwana cikin ƙasa jiƙaƙƙiya wadda iska ba ta ratsa ta, ruɓewa yake yi. Kuma tun da saiwar guda ce mai nutsewa, ba gungun ƙananan jijiyoyi ba, idan ta karye a wajen dashe babu wata da za ta maye gurbinta da sauri.

Daga nan za ka ga abin da ya kashe ta biyun. Kayan lambu suna son ƙasa mai taki da laima ba yankewa, tuberosa kuwa tana son ƙasa mai rairayi ko tsakuwa wadda ruwa ke zurarewa cikinta nan take. Haɗa su a kunya ɗaya tamkar ɗaure raƙumi da agwagwa ne a turke ɗaya. Akwai kuma tarkon da yake kama mutane da yawa: idan saiwa ta fara ruɓewa ganye yana yanƙwanewa, domin ruwa ba ya hawa sama, sai mai shuka ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Da ka tona gindinta a lokacin, da ka tarar da wuyan saiwar, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya yi baƙi ya yi laushi yana wari. Wata matsalar kuma tana iya zuwa tun daga tukunya. Idan shukar ta daɗe a ƙaramar tukunya, saiwar tana kai wa ƙasan tukunyar ta nannaɗe, kuma irin wannan ba kasafai take kama ƙasa da kyau ba. Shi ya sa idan zan zaɓa, ƙarama nake ɗauka a tukunya mai zurfi, in bar babbar da ta riga ta yi fure, duk da cewa ita ce ke ɗaukar ido.

Shi kuwa irin da bai tsiro ba, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, barci kawai yake yi. A ƙasarsa ta asali iri yana faɗuwa ne gab da shigowar sanyi, kuma da zai tsiro a take, da ƙanƙara ta kashe tsiron. Saboda haka yawancin ƙwayoyin ba sa farkawa sosai sai sun kwana cikin sanyi da laima na wani lokaci. Wanda yake zaune inda ake yin hunturu mai ƙanƙara yana iya shuka iri a fili kafin sanyi ya shigo, ya bar yanayi ya yi aikinsa. Wanda ba ya da wannan, ko yake son tabbaci, sai ya kwaikwayi hunturun a firji. Ka samo rairayi mai tsabta kamar cikin tafin hannu biyu, ka yayyafa masa ruwa har ya yi laima, yadda idan ka matse shi ba zai ɗiga ba. Ka cakuɗa irin a ciki, ka zuba a leda ka ɗaure, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka ajiye a ɓangaren firji mai sanyin kusan digiri 4, ba ɓangaren da ke daskarar da ruwa ba. Ka bar shi kwana 30, kana dubawa mako-mako. Idan ka ga wata ƙwaya ta fito da ɗan farin baki, ta farka ke nan, sai a shuka ta ba tare da jira ba.

Bayan haka ka shuka irin a zurfin da bai wuce rabin santimita ba, a ƙasa mai ɗumi, kamar digiri 21 zuwa 24, kuma cikin mako ɗaya zuwa uku za ka fara ganin tsiro. Abin da ya fi shi ne a shuka shi kai tsaye a inda shukar za ta zauna har abada. Idan dole sai an raine ta a tukunya, a nemi doguwa, a dasa tun tsiron yana da ganye huɗu zuwa shida, a zaro shi da ƙasarsa gaba ɗaya ba tare da an taɓa saiwar ba. A bar tazarar santimita 40 zuwa 60 tsakanin kowace biyu. Wurin ya zama mai samun rana tsantsa aƙalla awa shida a yini, domin a inuwa kara yana yin tsawo ya langaɓe, fure ya ƙaranta. Idan ƙasarka yumɓu ce mai riƙe ruwa, kada ka haƙa rami ka cika shi da rairayi, domin ka yi wa ruwa kwano ke nan. Ka tayar da kunya ko ɗan tudu sama da sauran fili, ka gauraya ƙasar da tsakuwa, yadda wuyan saiwar zai zauna a busasshen wuri ko da an kwana ana ruwa. Taki kuwa ba ta bukatarsa, sai dai in ƙasar ta mutu sarai, a sa ɗan kaɗan wanda ya riga ya ruɓe.

Akwai wani abu game da jure fari da masu sayar da iri ba su cika bayyanawa ba. Juriyar tana zuwa ne bayan saiwar ta nutse, ba tun ranar da aka shuka ba. Tsiro mai wata ɗaya ba shi da rumbu, kuma kwana kaɗan na rana mai zafi ba ruwa za su iya kashe shi. A shekarar farko ka ba ta ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, yadda zai ratsa ƙasa da zurfi, sannan ka dakata har sai ka cusa yatsa cikin ƙasa ka ji ta bushe kafin ka sake. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana sa jijiyoyi su tsaya a sama suna jira, ruwa mai zurfi jefi-jefi kuwa yana jan saiwar ƙasa. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku, a yawancin wurare ruwan sama kaɗai ya ishe ta. Ka kuma shirya yin haƙuri, domin wadda aka shuka daga iri sau da yawa ba ta yin fure na a zo a gani sai a shekara ta biyu ko ta uku. A shekarar farko za ta yi kamar ba ta ci gaba, alhali aikin yana gudana a inda ido ba ya gani.

Tun da ban san yanayin inda kake ba, dole in faɗi wani abu da zai iya sauya lissafin. Tuberosa shuka ce ta ƙasashen da ke da hunturu na gaske da kuma dogon yini a lokacin zafi. Tana jure sanyi mai tsanani, karanta ya mutu, saiwar ta yi barci, kuma dogon yini ne yake sa ta fure, gajeren yini kuwa yana tura ta ga barci. A wuraren da ke kusa da tsakiyar duniya, inda yini yake kusan awa 12 duk shekara kuma babu sanyin da zai kwantar da ita, tana iya tsirowa amma ta ƙi yin fure yadda ya kamata, ko ta raunana bayan shekara ɗaya ko biyu. Jure fari daban, dacewa da kowace ƙasa mai zafi daban. Idan a irin wannan wuri kake, ka ɗauke ta a matsayin gwaji, kada ka ɗora wa kanka laifi idan ta ƙi.

Inda yanayi ya karɓe ta, kulawarta kaɗan ce. Abu guda da nake jaddadawa shi ne a kafa ɗan sanda a gindinta kafin karanta ya bushe, domin tana cikin shuke-shuken da suka fi makara wajen tohowa bayan sanyi. Sauran furanni za su yi kore shar ita tana nan shiru, kuma mutane da yawa sun sare wuyan saiwarta da fartanya suna zaton wurin fanko ne. Za ka kuma ga darɓa rawaya ta taru a kan sabon toho, wadda masana ke kira Aphis nerii. Kamanninta ya fi ɓarnarta muni, kuma fesa ruwa mai ƙarfi ko murje ta da yatsa cikin safar hannu ya wadatar. Kada ka fesa maganin ƙwari, domin zai kashe ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, baƙin da saboda su ake shuka ta. Idan kana son ƙarin fure, ka yanke dunƙulen da ya bushe kafin ya yi kwanso. Idan iri kake so, ka bar kwanso biyu ko uku, ka ɗaure kowanne da zare idan ya fara sauya launi, don kada ya fashe iska ta kwashe. Ana kuma yaɗa ta da guntayen saiwa masu tsawon kamar santimita 5 a lokacin barcinta, amma wannan yana nufin taɓa uwar, don haka ni na fi son iri.

Sai maganar amfani. A ganina babban amfaninta a yau shi ne fure da ciyar da ƙwari masu amfani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2017 ƙungiyar masu noman furanni masu daɗewa ta Amurka ta zaɓe ta a matsayin shukar shekara. Furenta yana da ruwan zaƙi mai yawa, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa rabuwa da shi. Ka durƙusa wata rana ka duba fure ɗaya da kyau. Ganyen furen biyar sun lanƙwashe ƙasa, a samansu ga wasu ƙananan kofuna biyar a tsaye, kowanne da ɗan ƙaho a ciki, a nan ruwan zaƙin yake. Garin haihuwar shukar ba a warwatse yake kamar ƙura ba, a ƙunshe yake cikin 'yan jakunkuna biyu-biyu da ke ɓoye a wata tsaga. Idan ƙudan zuma ya sauka, ƙafarsa takan zame cikin tsagar, ya fizgo ta da jakunkunan a maƙale kamar mangalar jaki, ya kai su wani furen. Ƙananan ƙwari marasa ƙarfi wani lokaci sukan kasa fizgo ƙafar, a tarar da su a mace a kan furen. Wuyar wannan hanya ce ta sa dunƙule mai furanni da yawa yake ƙarewa da kwanso ɗaya ko biyu kacal.

Mutane da yawa a Amurka da Kanada suna shuka ta ne saboda wani malam-buɗe-littafi mai suna monak, Danaus plexippus, wanda tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wannan dangi, kuma wanda yake tafiyar fiye da kilomita 3,000 don ya yi hunturu a dazuzzukan tsaunukan tsakiyar Meziko. Gaskiyar magana, monak ya fi son ya yi ƙwai a kan wasu 'yan uwanta masu laushin ganye, irin su Asclepias incarnata da Asclepias syriaca, amma yana amfani da tuberosa, kuma yana shan ruwan furenta sosai. Ana kuma yankar furen a sa a kwalba don ado, yana kai mako guda. Farin gashin irin ma yana da tarihi: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kama tsibirin Jaba da ke Indonesiya ta yau, aka rasa audugar rimi da ake cusa wa rigunan ceton masu nutsewa, sai aka sa yaran makaranta a Amurka tattara kwanson wannan dangi, aka riƙa sarrafa shi a garin Petoskey na jihar Michigan. Yawancin abin da aka tara na syriaca ne, domin ta fi yawa kuma kwansonta ya fi girma.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Wanda ya ce maka saiwar maganin ƙirji ce bai ƙirƙira ba. Ɗaya daga cikin sunayenta na Ingilishi yana nufin saiwar ciwon haƙarƙari. Al'ummomin asali na Arewacin Amurka, irin su Omaha da Ponca, sun kasance suna tauna ɗanyar saiwar don ciwon ƙirji, suna kuma sa ta a kan rauni. Likitocin Turawa sun karɓa daga gare su, har saiwar ta shiga kundin magunguna na hukuma a Amurka daga 1820 zuwa 1905, ana ba da ita don ta sa gumi ta kuma fitar da majina. Duk wannan tarihi ne na gaskiya. Sai dai an yi shi ne a zamanin da babu maganin ƙwayoyin cuta, lokacin da likita ba shi da abin da zai yi wa mai ciwon huhu illa ya sa shi gumi ya jira.

Shawarata ita ce kada ka sha, kuma ga dalili. Wannan dangi yana ɗauke da sinadarai masu aiki kai tsaye a kan zuciya, 'yan gida ɗaya da maganin digoxin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya da awo na ƙwarai. Suna toshe wata hanya da ƙwayoyin jiki ke musayar gishirin sodiyam da fotasiyam, abin da ke ƙara ƙarfin bugun zuciya idan kaɗan ne, ya kuma rikita bugun idan ya yi yawa. Ƙarfin waɗannan sinadarai ya fito fili a gwajin da masani Lincoln Brower ya yi a shekarun 1960: tsuntsayen da suka ci monak ɗin da aka raina a kan ganyen curassavica sun yi ta amai, waɗanda suka ci wanda aka raina a kan kabeji kuwa ba abin da ya same su. Tuberosa tana cikin masu ƙarancin wannan guba a danginta, amma ƙarancin ba ya nufin babu, kuma yawansa yana bambanta daga shuka zuwa shuka, ba ka da ma'aunin da za ka gane shi a tukunyar dafuwa. Idan an sha da yawa tana kawo tashin zuciya, amai da gudawa. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon zuciya, da mai shan digoxin ko magungunan sa fitsari da ke rage fotasiyam, da mace mai ciki ko mai shayarwa, da ƙananan yara. Ga kuma haɗarin rikita ta da curassavica da na ambata a farko. Sannan ciwon haƙarƙari alama ce ta wata cuta a ƙarƙashi, kamar ciwon huhu ko tarin fuka, kuma kwanakin da mutum zai ɓata yana shan saiwa su ne kwanakin da cutar ke samun gindin zama. Tari mai zuwa da zazzaɓi, ko suka a ƙirji idan an ja numfashi, ko wanda ya wuce mako biyu, na asibiti ne.

Ko ba a sha ba, akwai hattara biyu. Na farko ido. Ruwan jikin wannan dangi idan ya shiga ido yana iya kumbura gilashin idon, gani ya yi hazo bayan wasu awoyi, sau da yawa ba tare da zafi mai yawa ba, har mutum ya kasa danganta shi da aikin lambun da ya yi da safe. Yawanci yana warwarewa cikin 'yan kwanaki, amma a wanke idon da ruwa mai yawa nan take a je wurin likita. Sa safar hannu idan za ka yanke ta, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka shafa fuska. Na biyu dabbobi. Tumaki, shanu da dawaki sukan guje mata idan akwai wata ciyawar, amma yunwa tana sa su ci, kuma gubar ba ta gushewa idan ganyen ya bushe, don haka kada karanta ya shiga cikin busasshiyar ciyawar da za a ajiye wa dabbobi.

Idan kuwa ka riga ka sha wani abu daga saiwar kafin ka aiko da tambayar, kuma ka ji amai, jiri, ko bugun zuciyarka ya ragu ko yana tsallake, ka tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ka riƙe guntun saiwar da reshe mai ganye a leda, ka gaya wa likita sunan shukar, da yawan abin da ka sha, da lokacin da ka sha, da duk wani magani da kake sha a kullum.